Ilmi Ga Kowa: Sau Huɗu Ke Nan Duniya Tana Sa Wa'adi

A watan Mayu na 1961 ne ministocin ilmi na ƙasashen Afirka suka taru a Addis Ababa, babban birnin Habasha, bisa gayyatar UNESCO, watau hukumar ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Yawancin ƙasashen ba su daɗe da samun mulkin kai ba, suna kuwa da dogon buri. Suka tsai da shawara cewa zuwa 1980 kowane yaro a Afirka zai sami ilmin firamare kyauta, kuma tilas.

Nijeriya ta yi yunƙurin cika wannan alkawari. Jihar Yamma ta riga ta soma tun 1955 a zamanin Cif Awolowo, abin da ya sa har yau ake ganin tazara tsakanin ƙasar Yarbawa da Arewa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE a ƙasa baki ɗaya. An yi tanadin yara kamar miliyan 2 da dubu 300 a aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka yi kaɗan, malamai ma haka. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makalewa, waɗansu jihohi suka maido da kuɗin makaranta. Wa'adin 1980 ya wuce ba a cim ma buri ba.

Sai aka sake zama a watan Maris na 1990 a Jomtien ta ƙasar Tailan, inda wakilan ƙasashe 155 suka hallara. UNESCO da UNICEF da UNDP da Bankin Duniya ne suka kira taron. A nan aka bayyana cewa yara fiye da miliyan 100 ba su zuwa makaranta, aƙalla miliyan 60 daga cikinsu 'yan mata ne, kuma manya fiye da miliyan 960 ba su iya karatu da rubutu ba. Aka sa sabon wa'adi, shekarar 2000. Bayan shekara uku, a 1993, ƙasashe tara masu yawan jama'a suka yi nasu taron a birnin Delhi na Indiya, har da Nijeriya da Masar da Pakistan, domin kuwa idan su ba su gyaru ba lissafin duniya ba zai gyaru ba.

Shekarar 2000 ta zo, aka haɗu a Dakar ta Senegal a watan Afrilu, ƙasashe 164. Aka tsara manufofi shida, aka ɗaga wa'adi zuwa 2015, ƙasashe masu arziki kuma suka yi alkawarin cewa rashin kuɗi ba zai hana duk ƙasar da ta himmatu cim ma burinta ba. Ba a ce ba a taɓuka kome ba, gama yawan yaran da ba su zuwa firamare a duniya ya ragu da kusan rabi. Amma rahoton UNESCO na 2015 ya nuna kashi ɗaya cikin uku ne kawai na ƙasashen suka cika manufofin da ake iya aunawa.

Taron Incheon na Koriya ta Kudu, a watan Mayu na 2015, shi ya sa wa'adi na huɗu, watau 2030. A wannan karon an yi maganar kuɗi filla-filla: kowace ƙasa ta ware wa ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Wannan shi ne adadin da aka amince da shi, ba kashi 26 da ake yawan ambata a Nijeriya ba. A shekarun da suka biyo bayan taron, kason ilmi a kasafin Gwamnatin Tarayya bai kai kashi 10 ba. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta yara da matasa kamar miliyan 20 ne ba su makaranta a Nijeriya, kuma mafi yawansu a Arewa suke.

Dalilin wannan jan ƙafa ba ɓoyayye ba ne. Takardar da ake sa wa hannu a taro ba doka ba ce, babu wanda za a kai ƙara idan an saɓa. Minista ne ke zuwa taro, amma makarantar firamare tana hannun jiha da ƙaramar hukuma. Hukumar UBEC tana samun kashi 2 cikin 100 na asusun Gwamnatin Tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin a sakar mata, shi ya sa biliyoyin naira suka sha kwana a asusu yara na zaune a ƙasa.

Duk da haka tarukan nan sun bar wa talaka abin riƙewa. Shirin UBE da aka ƙaddamar a Sakkwato ran 30 ga Satumba 1999, da dokarsa ta 2004, sun mai da karatun shekara tara kyauta kuma tilas, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Dokar ba ta ware ɗan ƙasa da baƙo ba. Ɗan mai sayar da tumatir a Mile 12, da 'yar mahauci a Agege, da almajirin Sabo ta Badun, duk suna da hakkin kujera a makarantar gwamnati ta unguwarsu kamar kowa. Dokar ta kuma tanadi gargaɗi, sa'an nan tara ko ɗauri, ga uban da ya ƙi sa ɗansa.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai na zango-zango su ƙidaya yaran da ke yawo lokacin makaranta, su kai sunayensu ga hedimasta. Wanda kuma ya bar iyali a gida, idan ya aika kuɗin cefane, ya tambaya ko yara suna zuwa aji, ko malami yana zuwa. Yaron da ya kai shekara shida bana, idan aka jira 2030, ya soma wuce lokacin shiga aji ɗaya.