Ranar Da Ruwa Ya Jiƙa Lifidi: Abin Da Mahayan Daba Ke Koya Mana

Mai karatu, idan a Unguwar Boro kake zaune, ka san yadda hadarin Agusta yake haɗuwa. Kafin mai kayan miya ta gama tattara tumatirinta a bakin titin Sabon Tasha, ruwa ya kece, kowa ya nemi rumfar da zai raɓa. To ka ɗauka a wannan lokacin kana bisa doki, sanye da kayan yaƙin kakanni, jama'a sun zuba maka ido, ba halin gudu. Wannan shi ne abin da mahayan hawan daba ke fuskanta duk shekarar da Sallah ta faɗo cikin damina, kamar Babbar Sallar 2019 da aka yi 11 ga Agusta, ko ta 2023 da ta zo 28 ga Yuni.

Hawan daba kwaikwayon fitar rundunar yaƙi ne. Kowane hakimi yana zuwa da tawagarsa ya nuna wa sarki shirinsa, a ƙarshe a yi jahi, wato a sako dawaki a guje a ja linzami daf da sarki, a jinjina masa. Garinmu ma ya taɓa karɓar irin wannan taro. A Fabrairun 1956 mahaya daga lardunan Arewa sun hallara a Kaduna domin Sarauniyar Ingila, sannan a 1977 aka yi gagarumar daba lokacin bikin FESTAC. Duk biyun a rani aka yi su, mahayan da suka zo daga nesa kuwa a sansani suka kwana, suna fama da ƙura da sanyin asuba tare da dawakinsu. Yau idan kana son ganin abin da idonka, Zariya ba ta wuce tafiyar kilomita 80 ba.

Amma damina daban take. Lifidi riga ce mai kauri da aka cusa wa auduga don ta tare kibiya. Da zarar ta sha ruwa, nauyinta ya ƙaru a kan doki da mahayinsa. Sulke ƙarfe ne, idan aka ajiye shi da danshi sai tsatsa. Albarushin 'yan bindiga idan ya jiƙe ba ya tashi. Fatar ganga takan saki, muryarta ta dushe. Ƙasa kuma ta yi santsi, dokin da aka saba sakin masa linzami dole a lallaɓa shi.

A nan ne za ka gane cewa mahayi ba shi kaɗai yake hawa ba. Mai lifidi ba ya iya shiryawa sai wani ya ɗaura masa, wani ya riƙe masa likkafa ya ɗaga shi. Zagagen da ke tafiya a ƙasa su ne ke fara taka taɓo, su nuna inda doki zai bi. Idan majayin sirdin wani ya saki, na kusa da shi ne zai tare hanya har a gyara, ko da ba tawagarsu ɗaya ba. Bayan an sauka, aikin da ba a ɗauka a hoto ya fara: a goge doki kada sanyi ya kama shi, a ba shi dusa da harawa, a shanya lifidi, a shafa wa sulke mai. Sai a zauna a barga ana shan shayi, ana tsokanar wanda rawaninsa ya warware. Hannu da yawa, in ji Hausawa, maganin ƙazamar miya.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. A Ingila, duk watan Oktoba mutane kan sa sulke su kwaikwayi yaƙin Hastings na 1066, a lokacin sanyi da yayyafi. Su ma a tanti suke kwana, suna aron wa juna bargo da busasshen itace.

Me wannan ya shafi gidanka? Tun rikicin shekarar 2000 kogin Kaduna ya zama kamar iyaka tsakanin maƙwabtan da a da suke cin tuwo a kwano ɗaya. Yaranmu da yawa sun tashi ba su san na tsallake ba. Ga mutane sanye da kayan yaƙi, riƙe da takubba da māsu, amma babban aikinsu ranar ruwa shi ne kada ɗan'uwa ya faɗi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daban Kano cikin jerin al'adun duniya, sai dai wannan halin na riƙe wa juna likkafa a barga ake gadonsa.

Don haka in kun zauna kallon hawa da yara, a waya ko a filin fada, kada ku tsaya ga ado kawai. Nuna musu zagin da ya jiƙe sharkaf bai saki linzami ba, ka tambaye su wa za su riƙe wa haka a unguwa ko a makaranta. In kuma ruwa ya taɓa dukanka a wurin hawa, ba mu labarin wanda ya ba ka mafaka.