Kyankyason Da Ke Faɗin Shekarun Dutse

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Jamus ne, kuma a kan kyankyaso. Eh, kyankyaso dai da kuka sani. Ku ɗan saurara kafin ku yamutsa fuska.

Shekaru kimanin miliyan 300 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Kaboniferos, dazuzzuka masu fadama sun rufe wurare da yawa, kuma itatuwansu ne suka rikiɗe suka zama gawayin ƙasa. Gawayin da ake haƙa a Anu Araren, arewa da Agadez, daga farko-farkon wannan zamani ya fito. A cikin waɗannan dazuzzuka kakannin kyankyaso sun yi yawa ƙwarai. Ba irin na yau ba ne sak, domin matansu suna da dogon tsinken zuba ƙwai a bayansu, kuma daga zuriyarsu ne gara ma ta fito.

To ina ruwan masu binciken duwatsu da su? Ga inda gizo ke saƙar. Duwatsun da suka taru a ƙarƙashin teku suna da sauƙin ganewa, saboda burbushin ƙananan halittun ruwa da ke cikinsu. Da irinsu aka tsayar da iyakar zamanin Kaboniferos da na Famiyan da ya biyo bayansa a wani rafi mai suna Aidaralash a Kazakistan, kimanin shekaru miliyan 299 baya. Amma lakar tafkuna da koguna na kan tudu ba ta da waɗannan halittu. Abin da take da shi jibge shi ne fikafikan kyankyaso, domin fiffiken sama yana da tauri, jiki ya ruɓe shi ya saura.

A nan ne aikin Farfesa Joerg Schneider na jami'ar Freiberg ta Jamus da abokin aikinsa Ralf Werneburg ya shigo. Sun bi diddigin wani dangin kyankyaso mai suna Spiloblattinidae, wanda fikafikansa ke da zane na fari da baƙi. Daga shimfiɗar dutse ta ƙasa zuwa ta sama, zanen yana sauyawa a hankali: ɗigo-ɗigon farin yana ƙara faɗi, jijiyoyin fiffiken suna sake tsari. Yadda gogaggiyar mace za ta kalli atamfa ta ce wannan yayin shekara kaza ce, haka mai bincike zai ɗora fiffiken da bai wuce gaɓar yatsa ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya faɗi matakin da dutsen yake. Wallahi aikin haƙuri ne, kuma ya cancanci yabo.

Sai dai fiffike yana faɗin wanda ya riga wani ne kawai, ba ya ba da adadi. Adadin shekaru daga tokar dutse mai aman wuta ake samunsa. A cikinta akwai ƙwayoyin zirkon, inda yuraniyam ke komawa dalma a kan ƙa'ida sananniya. In an auna toka a wuri guda, sai shekarun su bi wannan nau'in kyankyaso duk inda aka tsince shi. A jihar New Mexico ta Amurka kuwa, shimfiɗun teku da na tudu sun hau kan juna, abin da ya ba da damar gwada ma'aunan biyu.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. An samu dangin Spiloblattinidae a kwarin Sus na Moroko, aka daidaita duwatsun wurin da na Turai, domin a wancan lokaci nahiyoyin a haɗe suke.

Ɗalibanmu masu karatun ilimin ƙasa a Zariya da Jos da Yamai, in kun fita aikin fili kun fasa dutsen laka, ku duba fuskarsa da kyau kafin ku yar.