Gidan Yuro Ɗaya A Sisili, Ofis Kuwa Yana Amurka

A kudu maso yammacin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, cikin lardin Agrijento, akwai wani tsohon gari bisa tudu mai suna Sambuka, wanda mutanensa ba su kai dubu shida ba. Larabawa ne suka kafa shi a ƙarni na 9, zamanin da Musulmi suka shiga tsibirin, suka kira shi Zabut, har yau kuwa tsohuwar unguwarsu mai matsattsun lunguna bakwai tana nan. Girgizar ƙasa ta watan Janairu na 1968 ta yi wa garin ɓarna, samari kuma suka yi ta kwarara zuwa arewacin Italiya da Jamus neman abinci, aka bar gidaje da yawa a kulle.

Ganin haka ne a shekarar 1919 bayan ɗari, watau 2019, hukumar garin ta yi gwanjon gidaje 16, aka fara tayi daga Yuro ɗaya tak. Sharaɗin shi ne mai saye ya ajiye Yuro 5,000 jingina, ya kuma gyara gidan cikin shekara uku. An sake yin gwanjon a 2021 daga Yuro biyu, da 2024 daga Yuro uku. Amurkawa ne suka fi rububin saye, musamman bayan da annobar korona ta 2020 ta koya wa kamfanoni cewa ma'aikaci yana iya yin aikinsa ta intanet daga duk inda yake.

To, sai dai iyalin da suka kwaso kayansu suka tare a Sambuka, alhali albashin maigida yana fitowa daga wani ofis a birnin New York, ba su daɗewa sai su gane cewa kuɗin gida shi ne mafi sauƙi cikin abin da za su biya. Babbar matsalar ita ce agogo. Italiya tana gaban New York da awa shida, saboda haka idan aka buɗe ofis da ƙarfe tara na safe a can, ƙarfe uku na yamma ke nan a Sambuka, kuma ba a tashi sai sha ɗaya na dare. Wanda ofishinsa yake Kalifoniya kuwa, sai ƙarfe shida na yamma zai fara.

Mai karatu zai ce ai wannan daɗi ne, tun da mutum ya sami safiyarsa duka. Gaskiya ne, da safe maigida yana iya raka yara makaranta, ya bi magina a kan gyaran gida. Amma zumuncin mutanen Sisili da maraice ake yinsa. Daga wajen ƙarfe ɗaya na rana akan rufe kantuna a shiga gida cin abinci da hutawa, gari ya yi tsit. Idan rana ta yi sanyi sai kowa ya fito, tsofaffi da yara, a yi ta kai da kawowa a babban titin garin ana gaisawa, ana jin wanda ya haihu da wanda ya rasu. A daidai wannan lokaci ne baƙo yake zaune a ɗaki, ya rufe ƙofa, yana taro da mutanen da suke wata nahiya. Wanda ba a ganinsa a titi da maraice kuwa, ko ya shekara a garin, baƙo ne.

Yara su ne suke fara karya wannan katanga. A makarantar gwamnati da Italiyanci ake koyarwa, cikin 'yan watanni kuma sai ka ji bakinsu ya buɗe, har su zama tafintocin iyayensu a wurin mahauci da gidan waya. Iyayen ne suke shan wuya, domin bayan sun yi fama da Italiyancin littafi, sai su tarar tsofaffin unguwa da Sisiliyanci suke hira, wanda ya sha bamban ƙwarai. Uwargida takan sami shiga ta hanyar maƙwabta, waɗanda ba sa jiran gayyata kafin su ƙwanƙwasa ƙofa da lemo ko kwalbar man zaitun, tare da tambayoyin da mutumin birni zai ɗauka shisshigi ne.

Gidajen ma da nasu hali. Ginin dutse ne mai sanyaya ɗaki da bazara, amma da hunturu sai danshi ya kama bango. A shekarar 2024 kuma fari mai tsanani ya afka wa Sisili, aka riƙa raba ruwan famfo da ƙa'ida a lardin Agrijento, wanda bai saba tanadin ruwa a tanki ba ya koya dole.

Ga kuma takardu. Ba-Amurke ba shi da ikon wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba tare da biza ba. A watan Afrilu na 2024 ne Italiya ta fara ba masu aiki daga nesa biza ta musamman, bisa sharaɗin su nuna isasshen kuɗin shiga da inshorar lafiya da wurin zama. Wanda ya wuce kwana 183 a shekara kuma, hukumar harajin Italiya za ta lasafta shi cikin nata. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masu sayen gidaje da dama suke zuwa hutu kawai su koma, alhali abin da garin yake nema shi ne waɗanda za su yi hunturu a cikinsa, su sa 'ya'yansu a makarantarsa.

Akwai dai dare ɗaya a shekara da agogon nan yake goyon bayan baƙo. Ran Lahadi ta uku ga watan Mayu ake babban bikin addini na garin, inda maza suke ɗaukar mutum-mutumin Maryamu a kafaɗa su zaga da shi tituna har wayewar garin Litinin. Manomi da mai kanti su kama aiki da jan ido, shi kuwa ma'aikacin New York yana da sauran barci har ƙarfe uku na yamma.