Gwajin Magani a Ɗakin Jinya: Horon da Ma'aikatan Lafiya Ke Buƙata

A watan Maris na 2020, lokacin da asibitocin Birtaniya suka fara cika da masu cutar korona, babu maganin da likitoci suka tabbatar yana aiki. Kowa yana ba da abin da ya ga ya dace. Sai wasu malamai biyu na Jami'ar Oxford, Peter Horby da Martin Landray, suka tsara gwajin da aka sa wa suna RECOVERY. Ranar 16 ga Yuni aka sanar da sakamako: dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda aka sa wa na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin masu shaƙar iskar oksijin kawai. An kwatanta mutum 2,104 da aka ba maganin da mutum 4,321 da suka samu kulawar da aka saba. Wannan gwajin ne kuma ya nuna hydroxychloroquine, da aka yi ta kambamawa, ba ya ceton ran wanda aka kwantar.

Gwajin magani irin na da yakan ci shekaru da maƙudan kuɗi. A tace majinyata, a cire tsofaffi da masu cututtuka biyu ko uku, a ɗauki ma'aikata na musamman su yi ta cika takardu. Daga ƙarshe a san yadda magani ke aiki a jikin zaɓaɓɓun mutane, alhali ba su ne ke kwance a gadajen asibiti ba. RECOVERY ya bi ta cikin aikin yau da kullum, a asibitoci 176. Likitan da ke bakin aiki zai yi wa majinyaci bayani, ya nemi yardarsa, ya shigar da 'yan bayanai kaɗan a kwamfuta, ita kuma ta jefa ƙuri'a: wannan a ƙara masa magani kaza, wancan a ci gaba da kulawar da aka saba. Ƙuri'ar nan ita ce ginshiƙin aikin. Da likita ne ke zaɓa, zai iya karkata sabon magani ga waɗanda jikinsu ya fi tsanani, sai a ga sun fi mutuwa a ɗora wa maganin laifi.

Bayan nan ba sai an bi kowa gida ba. Kowane majinyaci a Ingila yana da lambarsa ta hukumar lafiya ta NHS, da ita aka riƙa gano wanda aka sallama da wanda ya rasu. Suwidin ta riga su: a gwajin TASTE na 2013, an bi masu ciwon zuciya 7,244 ta rajistar asibitoci da ake da ita tun da farko.

A nan ne maganar horo take shigowa, kuma a ganina ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Bayanan asibiti ba domin bincike ake rubuta su ba. Ma'aikaciyar jinya tana cika su cikin gaggawa, wani layi a bar shi babu komai, wata cuta a sa mata lambar wata. Mutuwa tana da sauƙin tantancewa, amma sanin ko ciwon huhu ne ya sake kwantar da mutum ko na zuciya, sai wanda ya san yadda ake rubuta fayil. Dole mai bincike ya koyi zaɓen tambaya guda da bayanan za su iya amsawa, ya koyi gwada ingancinsu kafin ya dogara da su, ya kuma iya kare sirrin mutane. Shi ya sa hukumar NIHR ta Birtaniya take da shirin wata shida, inda ƙananan likitoci da ma'aikatan jinya ke koyon gudanar da gwaji a ƙarƙashin babban mai bincike, ba tare da sun bar aikinsu ba.

Mu ma mun ga amfanin gwaji a asibitin talaka. A 2023 aka fitar da sakamakon E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jini ya taru a ciki, ungozoma ta ga adadinsa da idonta maimakon kintace, ta haɗa magunguna nan take. Mummunan zubar jini da abin da yake jawowa sun ragu da kashi 60 cikin 100.

Sai dai a yawancin asibitocinmu fayil na takarda ne, abin da ake turawa sama kuwa jimillar wata ce, ba tarihin mutum guda ba. Kuma Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da aka yi a can a 1996 ba, don haka neman yardar majinyaci cikin harshen da yake ji dole ya zama darasin farko. Jami'o'inmu da asibitocin koyarwa su sa wannan horo cikin karatun likitoci da ma'aikatan jinya, su kuma haɗa da ma'aikatan ɗakin kati, domin a hannunsu bayanan suke.