Yadda Tarihin Bashi Ke Hana Mutum Samun Aiki a Amurka

A Amurka, kusan duk wanda ya taɓa cin bashi yana da kundi a hannun manyan kamfanoni uku masu tattara tarihin bashi: Equifax da Experian da TransUnion. A ciki ake rubuta rancen gida da na mota da na karatu, da katin bashi, da kowane watan da mutum ya makara wajen biya. Don bankuna aka tanadi wannan kundi, amma masu ɗaukar ma'aikata su ma suna leƙawa, musamman idan aikin ya shafi riƙon kuɗi ko sirrin kamfani ko tsaron ƙasa.

Mai ɗaukar aiki ba ya ganin makin FICO, wato makin cancantar samun bashi, wanda ke tsakanin 300 da 850. Rahoto ake ba shi mai nuna bashin da ke kan mutum da yadda yake biya. Tabon makara yakan zauna a rahoton shekara 7, karayar arziki da kotu ta tabbatar kuwa tana iya kai shekara 10. Hujjar kamfanoni ita ce wanda bashi ya yi wa katutu zai fi saurin taɓa dukiyar da aka ba shi amana. Hujjar ba ta da ƙarfi: a 2010 wani jami'in TransUnion ya amsa a gaban 'yan majalisar jihar Oregon cewa ba su da binciken da ya nuna alaƙa tsakanin rahoton bashi da ƙwazon ma'aikaci ko ha'incinsa.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma abin da ke ɓata rahoto sau da yawa ba halin banza ba ne. Rashin lafiya ne, ko mutuwar aure, ko kora daga aiki. A nan illar ta fi tsanani. Mutum ya rasa aiki, ya kasa biyan bashi, rahotonsa ya ɓaci, ɓacin rahoton kuma ya toshe masa aikin da zai samu ya biya. Ga kuma kurakurai: binciken da hukumar kasuwanci ta FTC ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin 5 yana da kuskure a ɗaya daga cikin rahotanninsa.

Dokar tarayya ta 1970 mai suna FCRA ta ba mai neman aiki kariya, sai dai da yawa ba su san da ita ba. Ba a duba rahoto sai da izininsa a rubuce, ko da yake wanda ya ƙi sa hannu yakan ga an ajiye takardarsa gefe. Idan kamfani zai ƙi ɗaukarsa saboda rahoton, wajibi ne ya fara ba shi kwafi tare da bayanin haƙƙoƙinsa kafin ya yanke hukunci. Yana da damar ƙalubalantar kuskure, a bincika cikin kwana 30. Ana samun rahoton kyauta a shafin AnnualCreditReport.com, don haka hikima ita ce a duba shi kafin a fara neman aiki, a gyara abin da ke gyaruwa, a kuma shirya gajeren bayani na gaskiya kan sauran.

Wasu wuraren sun taƙaita wannan bincike. Jihar Washington ce ta fara a 2007, wasu irin su Illinois da Kalifoniya suka biyo baya, birnin New York ya hana shi ga yawancin ayyuka a 2015, ban da wasu muƙamai kamar na 'yan sanda da masu sa hannu kan manyan kuɗaɗe.

Nijeriya ma ta kama hanya. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta tsara aikin kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, kuma bashin banki da aka ƙi biya yana iya shiga kundin mai shi, ya jira shi ranar da zai nemi muƙami a harkar kuɗi.