Filin Jirgin Malam Aminu Kano: Su Zo Da Kaya, Su Koma Da Me?

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sojan saman Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen sama na farko da suka taka ƙasar Nijeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirga daga Khartoum, kuma tun daga nan Kano ta riƙe kambin filin jirgi mafi tsufa a ƙasar.

Abin da ya ɗaga darajar filin shi ne mai. Jiragen wancan zamani ba sa iya ratsa Sahara su wuce kudancin Afirka a tashi ɗaya, dole su ya da zango kamar yadda ayarin raƙuma ke yi. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi ta Ghana sukan bi ta Kano da Maiduguri kafin su nufi Alƙahira. Da aka ƙera jiragen da ke dogon zango ba tare da shan mai ba, sai kamfanonin Turai suka riƙa janyewa. KLM, wanda ya fi daɗewa, ya tattara nasa ya nasa a 2012.

Yau alhazai, masu Umara da 'yan kasuwa ne ke riƙe da filin. Je ka lokacin jigilar alhazai ka ga dangi cike da harabar, ana ɗaure jakunkuna ana neman gafarar juna. Akwai kuma tabon da bai gushe ba: ranar 22 ga Janairun 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɓangaren kaya. 'Yan kasuwannin Kantin Kwari da Sabon Gari suna sauke dilolin yadi, takalma da wayoyi daga Dubai da Sin, amma abin da Kano ke sayarwa duniya, irin su riɗi, zoɓo da fatun da aka jeme, galibi tirela ke kai shi Legas ya jira jirgin ruwa. Riɗi dai ya fi dacewa da teku, don nauyinsa ya fi kuɗinsa. Nama, kayan lambu da takalman fata kuwa kayan jirgin sama ne, sai dai naman da kayan lambun ba sa jure jira a rana. Suna buƙatar ɗakin sanyi, wutar da ba ta ɗaukewa, da jami'an kwastan da na duba lafiyar amfanin gona a wuri guda.

Kamfanin da jirginsa ke komawa ciki fayau, a kan mai shigo da kaya yake fanshe asararsa, shi kuma ya ɗora wa mai saye. Ya kamata hukumar kula da filayen jiragen sama ta FAAN da gwamnatin Kano su zauna da 'yan kasuwa su fara da gina ɗakin sanyin nan.