Sirrin Lemon Wurin Biki Ba a Cikin Fakiti Yake Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a gidajenmu, daga Kamba har Bagudo, kuma ba marasa sani ne ke faɗinta ba. Mata ne da suka iya girki, waɗanda in suka dama fura ko suka haɗa zoɓo sai an miƙo kofi neman ƙari. Cewa suke yi lemon tsamin da aka haɗa a gida ba zai taɓa kamo na wurin biki ba, irin wanda ake ƙullawa a leda ranar Sallah, ko wanda ake ɗebowa daga kula a filin kokawa, ko a Argungu lokacin bikin kamun kifi. A ganinsu masu sayarwa suna da abin da suke ɓoyewa: wani filebo na musamman, ko kala, ko sakarin, ko garin fakiti da ake shigowa da shi ta Gaya daga kasuwar Malanbil. Wadda ba ta da waɗannan, in ji su, ruwan tsami kawai za ta ba baƙinta.

Mu yi wa maganar adalci. Uwargidan da ke faɗinta ta gwada da hannunta. Ta matse lemo, ta zuba ruwan sanyi, ta ambaɗa sukari, ta juya, sai abin ya fito da tsami mai kashe haƙori, babu ƙamshi, sukarin ya kwanta a gindin jug, kafin la'asar kuma ɗaci ya shiga. Sannan da idonta ta ga masu sana'ar suna sayen ƙananan kwalaben filebo a shagon kayan haɗi. Duk wanda ya ga waɗannan biyun zai iya yanke hukuncin da ta yanke. Abin da ta ɗanɗana gaskiya ne. Dalilin da ta jingina masa ne ba daidai ba.

Da farko dai, haɗa lemo da sukari ya girmi filebo da ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 12, Ibn Jumai', likitan Sarki Salahuddin al-Ayyubi a Masar, ya rubuta littafi sukutum a kan lemon tsami da yadda ake sarrafa shi. Takardun 'yan kasuwar tsohuwar Alƙahira na wancan zamanin sun nuna ana sayar da ruwan lemo mai sukari a kwalabe, har ana kai shi wasu ƙasashe. A Faris ta Faransa, a 1676, an kafa ƙungiyar masu sayar da ruwan lemo, suna yawo da shi a goye a bayansu suna tsiyaya wa mutane a kan titi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya taɓa ganin garin fakiti, kuma mutane sun riƙa biyan kuɗinsu suna sha.

Sai a juya bayan fakitin a karanta abin da ke ciki. Galibi za a tarar da sukari ko wani abin zaƙi, da sinadarin tsami mai suna sitirik, da ɗanɗanon lemo, da kala. Shi wannan sitirik ɗin, daga ruwan lemon tsami aka fara ciro shi, a 1784, a hannun wani masani ɗan Suwidin, Carl Wilhelm Scheele. Yau a masana'anta ake yin sa, ta hanyar ciyar da wata irin fumfuna da ruwan sukari, domin hakan ya fi matse lemo araha nesa ba kusa ba. Ɗanɗanon kuwa, ko dai daga man ɓawon lemo aka tatso shi, ko an kwaikwayi wannan man. Ke nan fakitin ne ke ƙoƙarin kamo lemon da ke cikin kwandonki. Ban ce haramun ne ba, kuma ban ce duk guba ne ba. Kwaikwayo ne, kuma asalin yana hannunki.

To me ya sa na gida ba ya ƙamshi? Domin inda ƙamshin yake, can muke jefarwa a shara. Ki ɗauki ɗanyen lemon tsami, ki karce bayansa da farce, ki kai hanci. Sannan ki shanshana ruwan da kika matse. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta buƙatar bayani. In kika ƙura wa ɓawon ido za ki ga 'yan mitsi-mitsin ɗigo kamar an tsattsaga shi da allura. Kowanne ɗan ƙoƙon mai ne. Ki lanƙwasa ɓawon kusa da hasken taga, za ki ga man ya yi feshi. Ruwan ciki tsami ya fi yawa a cikinsa, ƙamshin yana waje. A wuraren baje koli da wasanni na Amurka, inda ruwan lemo ya yi suna, mai sayarwa yanka lemon yake yi ya jefa cikin kofi har da ɓawonsa, ya zuba sukari, ya ɗan daddaka da muciya, ya sa ƙanƙara da ruwa, ya rufe ya girgiza a gaban mai saye. Dakan nan shi ke fasa ƙoƙunan man, sukari ya kwashe.

A gida ga yadda ake samun haka, har ma fiye. A wanke lemon da kyau, a fere koren bayansa siriri-siriri da wuƙa mai kaifi ko a goge shi a magogi, ba tare da an taɓa farin da ke ƙarƙashi ba. A binne wannan feren cikin sukarin da za a yi amfani da shi, a murza da bayan cokali, a rufe, a bar shi awa 1 ko 2. Idan aka buɗe za a tarar sukarin ya jiƙe ya yi danshi, ƙamshi ya cika madafa. Wannan dabara tsohuwa ce, masu haɗa abin sha a Ingila sun san ta tun ƙarni na 18. Abu ɗaya da za a kiyaye: a wanke hannu da sabulu bayan an gama, domin man lemon tsami idan ya zauna a fata aka shiga rana da shi yana iya ƙona ta ya bar tabo.

Ɗacin da ake kuka da shi kuwa yana da ƙofofi sanannu. Farin da ke ƙarƙashin ɓawo yana da ɗaci, 'ya'yan lemon sun fi shi. Wadda ta watsa lemo ɗungurungum a bilanda ta markaɗe, ta fasa 'ya'yan ke nan cikin abin shanta, kuma babu yawan sukarin da zai rufe wannan. Akwai kuma ɗacin da ke zuwa daga baya: ruwan lemo da aka matse aka ajiye, cikin 'yan awoyi wani sinadari mai suna limonin yana samuwa a cikinsa, shi ne ke sa wanda aka matse da hantsi ya canza baki kafin magariba. Da azumi ake fi cin karo da wannan, don uwargida tana son ta gama komai da wuri. Tukunyar alminiyam ma tana da nata laifin, tsami yana cin ta ya ɗebo ɗanɗanon ƙarfe. A haɗa a roba mai tsabta ko gilashi.

Yanzu batun zaƙi, inda aka fi yarda cewa sakarin ne gwani. Gaskiya ne sakarin ya ninka sukari zaƙi kamar sau 300. Tun 1879 aka gano shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Amma mai sana'a ba don daɗinsa take sa shi ba. Farashin mudun sukari ne ya kai ta, ga leda, ga ƙanƙara, ga yara masu zuwa da 'yan canji, kuma ban ga laifinta ba a kan neman abin da zai fitar da ita. Sai dai kowa ya san abin da sakarin ke bari a maƙogwaro bayan an haɗiye, wani ɗaci-ɗaci mai kama da an tsotsi ƙusa. Kuma ba ya ba abin sha kauri a baki yadda sukari ke yi, shi ya sa lemon da aka yi da shi yake jin salam-salam duk da zaƙinsa.

Matsalar sukarin gida ita ce ba a narkar da shi. Sukari yana narkewa sosai, ruwa yana iya shanye kusan ninki biyu na nauyinsa, amma a ruwan sanyi a hankali yake yi, mu kuwa sau uku muke juya cokali mu ce ya isa. A ɗora kofi 1 na ruwa a wuta, in ya yi zafi a sauke, a juye masa kofi 1 na sukarin nan mai ɓawo, a juya har sai ba a ganin ƙwaya ɗaya, a tace da rariya, a bar shi ya huce. A kan wannan za a zuba kofi 1 na ruwan lemon da aka matse yanzu-yanzu, da kofi 4 ko 5 na ruwan sha. Ƙananan lemonmu, kafin su cika kofi sai an matse 15 ko fiye, gwargwadon ruwansu. A murza kowanne da tafin hannu a kan faranti kafin a yanka. Kada a dafa ruwan lemon, zafi yana kashe masa ɗanyen ɗanɗano.

Sai ɗan gishiri, iya abin da yatsa biyu za su tsinto. Gishiri kaɗan yana danne ɗaci ya fito da zaƙi, ba tare da an ji shi ba. Mutanen wannan yanki ba baƙin gishiri ba ne, tunda ga na Foga nan a maƙwabtanmu ta ɓangaren Gaya, wanda fatake suka daɗe suna dako. Mai son yaji-yaji ta jefa citta da kanumfari a ruwan zafin nan tun kafin ta zuba sukari, sai abin ya karkata wajen lamurje, ko lemu-hari na 'yan uwanmu Zabarmawa da Dandawa.

Kala fa? A nan akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin ido yana riga harshe ɗanɗana abu. Yaro ya ga ruwan ɗorawa ko kore shar a leda, ya riga ya yarda zai yi daɗi. Amma ruwan lemon tsami na ainihi ba kore ba ne, fari-fari ne mai ɗan hazo. In biki ake yi ana son launi, a jiƙa 'yan ƙwayoyin zoɓo a ruwan zafi, a ɗiga ruwan kaɗan-kaɗan. Jan zoɓo yana ƙara haske idan ya haɗu da tsami, sai jug ɗin ya koma ruwan hoda mai ɗaukar ido, kuma kin san abin da kika sa.

Wurin da mai sayarwa ta fi uwargida da gaske shi ne sanyi, kuma nan ne ba na musu. Ita tun asuba ta sayi ƙanƙararta ta jibga a kula. Ke kuwa firjinki yana jiran a kawo wuta. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kabi ke wuce digiri 40, ƙullin da ya yi raɓa a jikin leda ya riga ya ci rabin gasar. A ƙara da ƙishirwa. Mutumin da ya yi awa uku a tsaye cikin rana da ƙura yana kallon 'yan kokawa, ya ji yarinya ta ce, "Baba, ga mai sanyi," ya fasa ledar da haƙori ya zuƙe a tsaye, zai riƙa tuna wannan lemon har shekara ta zagayo. Da an kawo masa shi a zaure bayan ya ƙoshi da tuwo, da wani labarin zai bayar. Yawancin abin da muke kira ɗanɗanon wurin biki, rana da taro da ƙishi ne suka haɗa shi, kuma ba a ƙulla waɗannan a fakiti.

Ko a nan ma akwai dabara. Sanyi yana rage yadda harshe ke jin zaƙi, ƙanƙara kuma tana narkewa ta tsinka haɗin. Saboda haka wanda za a sha da ƙanƙara a yi shi da ɗan ƙarfi, a tsaya a kofi 4 na ruwa. In babu ƙanƙara, a zuba a gora a rufe, a saka cikin randa tun da wuri, a kai ruwan kofi 5. Sannan a tuna cewa daskarewa ba ta tsarkake ruwa. Ƙanƙarar da aka yi da gurɓataccen ruwa gurɓatacciya ce. A gida ke kika san rijiyar ko famfon da kika ɗebo.

Mu da ke zaune a bakin iyaka muna da wani dalilin na daban. An rufe iyakokin Najeriya na tudu a Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Duk wanda ya ɗora daɗin abin shansa a kan kayan da sai sun tsallako iyaka, ya ɗora shi a kan abin da sanarwa ɗaya daga Abuja ke iya tsayarwa. Lemon tsami kuwa yana fitowa a lambunan fadama da bayan gidaje, zoɓo a gefen gona.

Kada kuma a gudu daga wannan kuskure a faɗa wani, a ce tunda na gida ne a sha iya sha. Haɗin da na bayar, zaƙinsa ya yi kusa da na lemon kwalba, wanda ke ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Tsamin ɓoye zaƙin yake yi a baki, ba ya rage ko ƙwaya ɗaya a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 50 ga babban mutum, kimanin ƙaramin cokali 12. Manyan kofuna biyu sun cinye wannan. Mai ciwon sukari ya nemi shawarar likitansa. Sai dai a gida ludayin yana hannunki: da ƙamshin ɓawo da ɗan gishirin nan, za ki iya rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin ba tare da yara sun yi ƙorafi ba.

Saura masu cewa na kasuwa yana kwana bai lalace ba, na gida kuwa ba ya jure ajiya. Haka ne, kuma dalilin shi ne na fakiti babu ɗanyen lemo a cikinsa balle ya juya. Maganin shi ne a raba aikin biyu. Ruwan sukarin mai ƙamshi a yi shi tun jajibere, a zuba a kwalba mai tsabta a ajiye a wuri mai sanyi. Lemon kuwa a bar shi da ɓawonsa a kwando, kada a sa masa wuƙa sai an ji sallamar baƙi, ko ladan ya fara gyaran murya.